Kada Vom Ta Bi Sawun Yaba

Duk motar shanun da ta taso daga Mubi ko Ngurore ta sauke kayanta a Agege ko Badun ko Fatakwal, abincin mutane da yawa ta ɗauko. Akwai falke, akwai dillali, akwai mahauci, akwai mai tsire da ke hura wuta a bakin titi. Galibinsu mutanen Arewa ne mazauna Kudu. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa wannan sana'a tasu ta dogara ne ga wata ma'aikata da ke wani ƙaramin gari kusa da Jos, watau Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ta cika shekara 100 a 2024.

Cutar bushiya ce sanadin kafa ta. Wannan annoba ta shigo Afirka a 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Massawa, tare da shanun da sojan Italiya suka kawo. Wajen 1891 ta riga ta game ƙasar Borno da Adamawa da ƙasar Hausa. A wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. Fulanin da suka gaji garke tun kaka da kakanni suka wayi gari sai sanda kaɗai a hannu. Cutar ta yi ta komowa bayan zuwan Turawa, har ta sa ma'aikatar dabbobi, wadda ta fara zama a Zariya, ta koma Vom a 1924, saboda wurin yana da sanyi kuma babu ƙudan tsando.

Aikin da aka fara a can shi ne sanin yadda garkuwar jiki take. Allah ya halicci jikin mutum da na dabba ta yadda in ya yi karo da ƙwayar cuta ya tsira, to ya gane ta ke nan, in ta komo zai yaƙe ta. Da fari jinin san da ya warke daga bushiya ake ɗiba a tace, a haɗa da ɗan jinin mai cutar a yi wa lafiyayyu allura. Hanyar tana da haɗari, wasu shanun kan mutu, shi ya sa makiyaya suka riƙa gudu da garkensu in sun ji labarin malaman dabbobi. Daga baya aka koyi raunana ƙwayar a jikin awaki. Can kuma wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, ya gano a Kenya yadda za a raine ta a ɗakin bincike, allura ɗaya ta kare saniya har ƙarshen ranta. Vom ta shiga yin irin wannan, kuma da ita aka yi babban gangamin rigakafin da Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka fara tare a 1962.

To, a nan ne darasi na farko yake. Da aka ga cutar ta lafa sai aka saki jiki, aka bar yi wa 'yan maruƙa allura. A 1983 bushiya ta sake barkewa daga wajen Cadi, ta ratsa Borno da Jihar Gongola ta wancan lokaci, ta kashe shanu dubban ɗaruruwa. Dattawan Yola da Jimeta da ƙauyukan Yolde Kohi ba su manta ba, haka nan fataken da suka ga kara ta zama fayau a Ikko. Sai da aka sake ɗaura ɗamara kana aka ga bayanta a Nijeriya a 1987. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa, bayan agana a 1980.

Darasi na biyu kuwa yana nan Ikko, a unguwar Yaba. Can ne Gwamnatin Tarayya take da ɗakin haɗa allurar rigakafi ta mutane. Tun daga wajen 1940 ake yin ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, har ana aika wa ƙasashe maƙwabta. A 1991 aka rufe wurin da sunan za a gyara shi. Gyaran da bai yiwu ba ke nan. Masanan suka watse, injuna suka yi tsatsa. Sakamakon haka, da annobar korona ta zo a 2020, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ta zauna tana jiran abin da za a sammata, sai a watan Maris 2021 kashin farko na allurar ya sauka a Abuja.

Vom dai ba ta mutu ba. Tana yin rigakafin ciwon huhu na shanu da na saifa da na harbin daji da na annobar kaji, kuma tana da ƙananan ɗakunan bincike a jihohi, har da Yola. A 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jihar Kaduna, Vom aka garzaya da samfur. Daɗin daɗawa, allurar annobar awaki da tumaki da ake amfani da ita a yawancin ƙasashen Afirka, daga wata ƙwaya da aka samo a Nijeriya a 1975 aka yi ta, kuma duniya ta ɗauki alkawarin kawar da wannan cuta kafin ƙarshen 2030.

Amma Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Irin wannan ma'aikata ba ta rayuwa sai da kuɗi a kan kari, da wutar lantarki ba yankewa, da samari masu ilmi da za su gaji tsofaffi. Allura kuma in ta bar sanyi tsakanin Vom da ruga, ta zama ruwa. Ya wajaba Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2024 ta sa Vom a gaban komai. Gwamnatin Adamawa kuwa, da yake shanu na ƙetare iyakar Kamaru dare da rana, ya kamata ta tanadi firiji da abin hawa da malaman dabbobi, ta riƙa yin rigakafi kowace shekara ba sai an ji mushe ba.

Su ma 'yan Arewa mazauna Kudu suna da nasu rabon. Ƙungiyoyin fataken shanu da sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu suna da baki a wurin hukuma, sai su yi amfani da shi. Wanda ke da dabbobi a gida ya aika a yi masu allura, ko da za a biya. Wanda ya ga saniya mai tari ko dalala a kara ya sanar da likita, kada kwaɗayin riba ya sa ya loda ta a mota. An rufe Yaba ba wanda ya ɗaga murya. Bai kamata a sake yin irin wannan shiru ba.