Binciken kasuwancin zamani: Masana su leƙa Goronyo da Wurno

A jami'o'in Najeriya, ɗaliban fannin kasuwanci na yawan rubuta kundayen digiri kan yadda kamfanoni ke rungumar fasahar zamani. Galibi bankuna da manyan kamfanonin Legas da Abuja ake dubawa: a raba wa ma'aikata takardun tambayoyi, a kammala da cewa fasaha na ƙara riba. Dillalin albasa a Wurno da mai shinkafa a Goronyo ba kasafai suke shiga lissafi ba, alhali lamarin ya fi taɓa aljihunsu.

Cikin ƙasa da shekara biyu, gabashin Sakkwato ya fuskanci abubuwa biyu da suka isa a yi musu nazari. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, ciki har da Goronyo da Rabah, domin daƙile 'yan bindiga. Masu POS suka tsaya cak, tura kuɗi ya gagara, 'yan kasuwa suka koma ɗaukar tsaba a kan hanyoyin da kowa ke tsoro. A Oktoba, watan da aka ƙaddamar da eNaira a Abuja, yankin na cikin makokin gomman mutanen da aka kashe a kasuwar Goronyo.

Sai kuma farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, abin ya juye. Tsabar ce ta ɓace, dole manomin da bai taɓa buɗe asusu ba ya karɓi kuɗin kayansa ta wayar wani, ko ya karya farashi ga mai naira a hannu. Albasa kuwa ba ta jiran sabis ya dawo.

Nawa manomi ya yi asara a waɗannan lokuta? Mutum nawa suka ci gaba da ciniki ta OPay da Moniepoint bayan kuɗi sun wadata, kuma me ya mayar da sauran ga tsaba? Duk wani tsarin hana yawo da kuɗi da za a yi wa karkara na buƙatar waɗannan amsoshi.

Gaskiya ne rashin tsaro na hana masu bincike shiga ƙauyuka. Amma Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da ɗalibai 'yan asalin waɗannan garuruwa, kuma dillalai na shigowa birnin Sakkwato a kai a kai. Ya kamata TETFund da gwamnatin jiha su ɗauki nauyin aikin tun kafin littattafan bashin 'yan kasuwa da bayanan masu POS na wancan lokaci su salwanta.