Daga Shuwak zuwa Kano: awa nawa ne tsakani da Allah?

Duk lokacin da aka sa ranar biki a gida, ko aka bugo waya cewa jikin tsoho ya yi tsanani, tambayar da 'yan kasuwarmu na Shuwak ke yi ɗaya ce: jirgi awa nawa zai yi zuwa Kano? Sai wani yaro ya duba waya ya ce awa huɗu. Bai yi ƙarya ba. Tsakanin Shuwak da Kano a miƙe kusan kilomita 3,000 ne. Sai dai wannan lissafin tsuntsu ne, kai kuwa da buhunan tsaraba za ka tafi, ga iyali.

Kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, mutum yakan bi ta Gadarif da Madani ya shiga Khartum, daga nan jirgi kai tsaye ya sauke shi Kano cikin awa uku da rabi ko huɗu. Da aka rufe filin jirgin Khartum sai kowa ya juya Bur Sudan. To, nan fa ake yin ta. Daga Shuwak zuwa can kusan kilomita 700 ne ta Kasala da Haya, wato gabas da arewa ka nufa alhali garinku yana yamma. Wuni guda sukutum a mota, ga shingayen bincike, idan damina ce kuma sai abin da Allah Ya yi. Mai hankali yakan kwana a Bur Sudan kafin ranar tashi.

Idan ba ka dace da jirgi kai tsaye ba, sai ka yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Jidda. Ta Addis, kamar awa biyu ne zangon farko, na biyu awa huɗu da rabi, jiran da ke tsakani kuma yakan fi su biyun tsawo. Kwana uku ke nan daga ƙofar gidanka.

Ku kula da agogo, don nan ake yawan barin mutane suna jira a filin jirgin Malam Aminu Kano. Lokacin da ke jikin tikiti na garin da aka rubuta ne. Sudan ta riga Najeriya da awa ɗaya, Habasha da Saudiyya da awa biyu. Misali, jirgin da ya bar Addis ƙarfe 10 na safe zai sauka Kano 12:30, ka ɗauka awa biyu da rabi ya yi. A dawowa kuwa tikitin zai nuna shida da rabi, nisan dai ɗaya ne.

Kakannin da suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi a 1903, da masu niyyar Hajji da suka biyo sawunsu, shekaru suka yi a wannan hanya, suna noma suna ƙara gaba. Shi ya sa tsofaffi ke dariya idan muna ƙorafin kwana uku. Duk da haka, Alhaji, idan ɗaurin aure ran Juma'a ne, ka baro Shuwak tun Litinin.