Shin Babban Kanti Zai Sauke Farashi a Tudun Wada?

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin ma'aikata da 'yan boko na ƙananan garuruwa, musamman tun daga shekarar 2023 da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo. Maganar ita ce, wai da wani attajiri zai zo ya gina babban kantin zamani irin na birnin Kano a garuruwa kamar Tudun Wada ko Kiru ko Bebeji, da masu shaguna sun shiga taitayinsu, farashi kuma ya sauko. Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta da wuyar ganewa. Babban kanti yana sayen kaya masu yawa kai tsaye daga kamfani, saboda haka yana samun rangwamen da mai tireda ba ya samu. Idan kuwa ya sayar da araha, dole sauran su bi sahu ko su rasa masu saye. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai dai duk wanda ya zauna ya bi hanyar da mudun shinkafa da kwalin taliya suke bi kafin su iso hannun magidanci a Tudun Wada, zai ga cewa ba a nan gizo yake saƙar ba.

Kayan da ake ci a wannan yanki iri biyu ne, kuma kowanne da inda ake yanke masa farashi. Akwai abin da ƙasar take nomawa da kanta, akwai kuma abin da masana'antu suke sarrafawa a kawo mata.

Tudun Wada gari ne da ya yi suna wajen noma da cinikin shinkafa, kamar yadda Doguwa ta yi suna wajen masara. A ƙasar Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwanta ne yake rayar da noman rani a Kadawa da Kura da kewayensu. Wato dai kudancin Kano rumbu ne. Amma abin takaici, mai rumbun ba shi yake faɗin farashi ba. Da kaka ta yi, manomi yana da bashin taki da na 'yan ƙwadago a wuyansa, ga hidimar aure da ta makarantar yara tana jiransa. Ba shi da zaɓi sai ya kai shanshera kasuwa a daidai lokacin da kowa ya kai tasa, farashi na ƙasa. 'Yan sari su cika manyan motoci su nufi Dawanau da kamfanonin gyaran shinkafa. Idan bazara ta wuce damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, sai shi wannan manomin ya koma kasuwa da kwano a hannu yana awon abin da ya noma, da tsadar da bai sayar da shi ba. Wane babban kanti ne zai yi maganin wannan? Ciwon yana wajen ajiya da jari, kuma kantin zamani bai zo don ya adana wa manomi hatsinsa ba.

Abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya isa shaida. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A watan Yulin wannan shekarar Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara da shinkafa da alkama da wake, na tsawon kwana 150. A cikin 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai a kasuwannin Arewa, ba tare da wani kantin zamani ya sa hannu ba. Masu albashi suka ɗan numfasa, manoma kuwa suka shiga kuka, domin taki bai sauko tare da masara ba. A nan akwai abin lura ga mai tunanin cewa arahar abinci alheri ce ga kowa. A birni wataƙila haka ne. A Tudun Wada kuwa, mutumin da yake saye da yamma shi ne ya sayar da safe, kuma idan aljihun manomi ya bushe, mai shago da tela da mai shayi duk sai sun ji a jikinsu.

Sai kuma kashi na biyu: sukari da fulawa da taliya da man gyaɗa na jarka da madara da sabulu da sinadarin ɗanɗano. Galibin waɗannan daga Kasuwar Singa ta birnin Kano suke fitowa. Kamfani ya ba babban dila, babban dila ya ba ɗan sari, mai shago ya zo daga Tudun Wada ya sara, ya biya ɗan dako, ya biya mota ta bi titin Zariya zuwa Kwanar Dangora ta karkata kudu. Mai tireda na ƙauye kuma ya zo ya sara a hannunsa, ya ɗora a babur. Kowane hannu da kaya suka bi sai ya lashi wani abu, kowace tafiya kuma da kuɗin manta. Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Wannan ƙari bai tsaya a gidan mai ba. Ya bi kwalin taliya har cikin tukunya.

Idan aka dubi wannan jeri da kyau, za a ga cewa a ƙasa, inda ake zargin rashin gasa, a nan ne ma gasar ta fi zafi. A layi guda za a iske shaguna da tireda da dama suna sayar da sabulu iri ɗaya, kuma mai saye ba ya jin nauyin tsallake wannan ya tafi wancan saboda bambancin naira ashirin. Ribar da mai tireda yake ci a kan kwali ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. A sama ne hanya take ƙuntata. Alal misali, tace sukari a Nijeriya kusan gaba ɗaya yana hannun kamfanoni uku ne, wato Dangote da BUA da Flour Mills masu tambarin Golden Penny, kuma mafi yawan ɗanyen sukarin da suke tacewa da dala ake sayo shi daga waje. Ranar da naira ta faɗi, ko kamfani ya ƙara kuɗin buhu, babban kanti da mai tireda duk ruwa ɗaya ne ya dake su. Zagin mai tireda a kan tsadar sukari tamkar dukan jaki ne a bar taiki.

Ita kanta Kano ta ga zuwan manyan kantuna da tafiyarsu. Kalmar kanti ma daga Turawa aka aro ta, tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Kano kamfanoni irin su John Holt suka buɗe wuraren sayen gyaɗa da fata da sayar da atamfa da gishiri. A 2014 kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe reshe a rukunin kantuna na Ado Bayero, jama'a suka yi ta tururuwa, wasu don saye wasu don kallo. A 2021 masu kamfanin suka sayar da harkarsu ta Nijeriya ga 'yan ƙasa, a watan Janairun 2024 kuma aka rufe reshen na Kano. A tsawon shekara goma da ya yi, Singa da Sabon Gari da Dawanau ba su fasa zama wuraren da ake yanke farashin abin da talaka yake ci ba. Babban kanti yana da kuɗin haya da na janareto da na sanyaya ɗaki da na masu gadi, kuma duk a kan kaya yake fanshewa. To, idan birni mai miliyoyin mutane bai riƙe irin wannan kanti ba, ina ga garin da mafi yawan kuɗinsa sai kaka suke shigowa?

A ƙaddara ma an gina shi, kuma ya yi araha. Abin da ya faru a Amurka ya kamata ya sa a yi hattara. Sam Walton ya buɗe kantin Walmart na farko a 1962 a garin Rogers na jihar Arkansas, kuma da gangan ya riƙa zaɓen ƙananan garuruwa. Kayansa sun yi araha, wannan ba a musu. Amma a garuruwa da yawa ƙananan shaguna sun kasa jurewa sun rufe, kuma a wasu wuraren da kamfanin ya tashi daga baya, sai mutane suka wayi gari babu babban babu ƙananan. Ƙaramin gari ba ya ɗaukar manyan kantuna biyu ko uku da za su yi ta ja-in-ja da juna. Ɗaya zai ɗauka. Kanti ɗaya tilo kuwa, komai hasken fitilunsa, ba shi da wanda zai ji tsoro ranar da ya ga damar ƙara farashi.

Har ila yau, akwai abubuwa biyu da mai shagon unguwa yake yi waɗanda na'urar karɓar kuɗi ba ta san su ba. Na farko shi ne ƙulli. Matar da take da naira ɗari biyu tana iya samun sukari na ɗari da mai na ɗari, ta ɗora tukunya. Na biyu shi ne bashi. Malamin firamare da aka tura wani ƙauye a Doguwa, ko da an biya shi mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da Gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024, ya san cewa wata ya fi albashi tsawo. Littafin mai shago ne yake kai shi gaci. Babu ruwa a kan bashin, babu takardar cikewa, sanayya ce kawai jingina.

Wannan ba ya nufin masu shaguna da 'yan kasuwar hatsi ba su da laifi. Suna da shi, kuma shi ne ya haifi kwaɗayin babban kantin tun farko. Da an ji ƙishin-ƙishin kaya sun tashi a Singa, kafin la'asar an ƙara wa tsohon kaya kuɗi. Idan kuwa sun sauko, sai a ce ai tsohon sari ne, a jira ya ƙare. Wani yakan dubi rigar mai saye kafin ya faɗi farashi, baƙo da ɗan gari kowa da nasa. Ga kuma kwanon awo da aka bubbuge gindinsa, da ɗan kasuwar da yake da kwano biyu, babba na saye ƙarami na sayarwa. Shi kansa bashin yakan zama dabaibayi, domin wanda ake bi ba ya iya tayawa, balle ya tsallaka shagon gaba.

Abin da ya kamata a kwaikwaya daga kantin zamani bai wuce abu guda ba: rubutaccen farashi da tabbataccen ma'auni. Mai saye ya ga kuɗin kaya da idonsa kafin ya buɗe baki, yaron da aka aika da dattijon da ya zo da kansa su biya abu ɗaya. Wannan ba ya bukatar gilashi ko na'urar sanyaya ɗaki. Allo da alli sun wadatar. Muhimmancinsa ya kai ga cewa a watan Fabrairun 2024 hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta rufe wani reshen kantin Sahad a Abuja na ɗan lokaci bisa zargin cewa farashin da ke jikin kanta ya saɓa da wanda ake karɓa wajen biya. A wannan watan ne kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yarda ya ƙayyade wa 'yan kasuwar Madina farashi ba, amma ya hana ɓoye abinci, ya kuma hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su shiga kasuwa su san abin da ake ciki. Tauye mudu kuwa sura guda aka saukar da sunan masu yin sa.

Wa zai ɗauki wannan aiki? Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da kula da su da tsara harkar shaguna. Ƙaramar hukumar da take aika ma'aikaci ya yanki rasit a kowace ranar kasuwa ba ta da hujjar cewa ba za ta iya ajiye kwano ɗaya mai hatimi da sikeli ɗaya a ofishin Sarkin Kasuwa ba, inda duk mai shakka zai je ya sake awo kyauta. Haka kuma masu shaguna goma na Tudun Wada suna iya haɗa kuɗi su yi sari ɗaya a mota ɗaya, su sami rangwamen da ake cewa sai babban kanti, kowa ya koma shagonsa ya sayar yadda ya ga zai fitar da shi. Sai dai a kula, haɗuwa don saye daban, haɗuwa don ƙulla farashin sayarwa daban. Ta biyun dokar gasa ta 2018 ta haramta ta, ko da sunan ƙungiya aka yi ta. Malaman makaranta su ma suna da tasu hanyar, domin adashi ba sabon abu ba ne a ɗakin malamai. Idan aka karkata zubin watan Nuwamba da na Disamba aka sayi shinkafa da masara a hannun manomi a kan farashin da ya fi na ɗan sari, aka sami ɗaki mai kyau da buhunan da ƙwari ba sa shiga aka ajiye, hatsin zai kwana a garin da aka noma shi har watan Agusta.