Tsibirin Tuti: ambaliya ba ta kore su ba, yaƙi ya kore su

Duk shekara idan muka zo darasin kogin Nilu, nakan ja wa ɗalibaina layi biyu a allo. Ɗaya ya taso daga kudu, Farin Nilu ke nan. Ɗayan ya gangaro daga tsaunukan Habasha, shi ne Shuɗin Nilu. Inda suka haɗu nan Khartum take, Omdurman a yamma, Bahri a arewa. A tsakiyarsu sai in ɗiga wani ɗan tsibiri mai kamar jinjirin wata, Tuti. Bana da na zo ɗiga shi, sai da hannuna ya tsaya.

Tuti bai wuce murabba'in kilomita 8 ba. Al'ummar Mahas sun zauna a kai tun kafin a gina Khartum a ƙarni na 19. Lakar da ambaliya ke zubarwa ita ce arzikinsu: da ita suke noman kayan lambu da lemo, da ita ake buga tubali. Ruwan da ke ciyar da su kuwa shi ne barazanarsu, don haka suka ƙirƙiro tsarin da suke kira taya. Ruwa na fara hawa, sai a raba gaɓar tsibirin tsakanin rukunoni, a kwana ana gadi da buhunan yashi. Inda ya ɓalle, a buga ganga, a yi shela a masallaci, kowa ya fito. Da haka suka tsallake ambaliyar 1946 da ta 1988 da ta 2020.

Har zuwa 2009 da aka buɗe gada, sai da jirgin ruwa ake shiga. Gadar ta kawo sauƙi, babu musu. To, amma hanya ɗaya ce tak. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, dakarun RSF suka riƙe ta, tsibirin ya koma kurkuku, abinci da magani sai da yardarsu. Zuwa Oktoban 2024 kusan kowa ya fice. Sojoji sun karɓe wurin a Maris 2025.

Yanzu zancen da ake yi na sake gina babban birnin ne, ma'aikatu da filin jirgi da gadoji. Ni abin da ke damuna daban ne. Taya ai ba siminti ba ce, mutane ne da suka san wace gaɓa ke zaizayewa, wane maƙwabci za a fara tasa. Idan sun watse, wa zai kwana gadi?

Kogin ma ya sauya hali. Babbar madatsar da Habasha ta ƙaddamar a Satumban 2025 tana tare laka, kuma hawan ruwa ya dogara da lokacin da aka saki ƙofofinta. Lissafin dattawa na da sai an yi masa gyara. Wannan bai tsaya kan Tuti ba: Shuɗin Nilun ne ke bi ta Maiwurno kusa da Sinnar, inda jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ke noma.

Ga kuma batun fili. Tun kafin yaƙi masu kuɗi ke kwaɗayin wannan ƙasa da ke tsakiyar birni, mazauna na ƙi. Mutumin da ya fita a guje da kayan jikinsa, da wuya ya tuna da takardar gona. A ganina, kafin a sa hannu kan kowace kwangila a Tuti, a fara tantance wa ke da wane fili, kuma a yi shi masu filin suna wurin.