Bindigar Wasa, Ƙarar Gaske

Bindigar harbin fenti ba don wasa aka ƙirƙiro ta ba. A Amurka, ma'aikatan gandun daji da makiyaya ne ke amfani da ita wajen sa wa bishiyoyi da shanu alama daga nesa. Sai a shekarar 1981 wasu abokai a jihar New Hampshire suka mayar da ita wasa: a harbi juna da ƙwallayen fenti, wanda fenti ya fashe a jikinsa ya fita.

Iska ce da aka matse a tulu take tura ƙwallon, saboda haka ƙararta ba ta wuce "fat" ba. Na zamani suna da batir da ɗan allon lantarki mai sarrafa kunama, kuma wasu allunan suna ɗauke da ƙaramar lasifika mai sanar da ɗan wasa saitin da yake kai. Daga nan sha'awar sauya sautin ta taso, kamar yadda muke sauya kiɗan kiran waya.

Wannan fasahar ba baƙuwa ba ce a Kano. Ita ce a cikin bindigogin roba da yara ke yawo da su a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ranar Sallah. Duk yaron da ya ƙware a gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni zai iya haɗa guntun ma'adanar sauti da lasifika, ya ɗora duk muryar da aka biya shi ya ɗora. Tambayar ita ce: wace murya?

A ganina, kowace ma, ban da ta harbin gaske. A ranar Juma'a, 20 ga Janairun 2012, aka kai hare-haren da suka hallaka mutum sama da 180 a wannan birni, kuma ofishin fasfo na Farm Centre yana cikin wuraren da aka afka wa. Waɗanda suka kwana a ƙarƙashin gado a daren nan suna raye. Kunnensu ba ya tsayawa ya tambaya ko wasa ne. Haka ma ɗan sandan da ke shingen bincike da dare; shi kuwa tasa bindigar ba fenti take fitarwa ba. Amurka ta wajabta sa jan baki mai ruwan goro a bindigogin wasan yara tun ƙarshen shekarun 1980, amma launi sai da ido ake ganinsa, sauti kuwa yana tsallake katanga.

Za a ce ai 'yan bindigar Sarki suna ɓarin albarushi a hawan Sallah, ba wanda ya firgita. Gaskiya ne, amma kowa ya san ranar, ya san wurin, ya san masu yi. Sanin nan shi ya mayar da ƙarar biki.

Don haka ga shawarata ga masu shigo da kaya da masu gyara: ku ɗora kalangu, ko guɗa, ko murya mai cewa "ka fita!" Wasan ba zai rage armashi ba. Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin bindigar Sallah, ku danna kunamar ku saurara, sannan ku tuna da tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku.