Waiwaye: Jaririn da Ya Ƙi Girma

A shekarun baya, a ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan, idan jariri ya ƙi girma, ya kama nono ya saki yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi, sai a shiga neman mai laifi. Wasu su ce nonon uwar ne ba shi da kyau, a haɗa ta da jiƙe-jiƙe. Wasu su kira wanzami ya duba beli. In kuwa kamanninsa sun bambanta da na 'yan'uwansa, sai a yi ƙasa da murya a ce ɗan ruwa ne. Ba mugunta kakanninmu suka yi ba, iyakar saninsu ke nan.

Yanzu likitoci sun tabbatar cewa kusan jariri 1 cikin 100 yakan zo duniya da matsalar zuciya, ko rami a bangon da ya raba ɗakunanta, ko matsattsiyar hanyar jini. Abin ya fi yawa ga yaran da suka zo da tangarɗa a ƙwayoyin halitta. Kusan rabin masu lalurar Down, wadda aka gano musabbabinta a Faransa a 1959, suna da ita. 'Yan mata masu lalurar Turner, waɗanda ba sa yin tsawo, a wasunsu akan tarar da babbar jijiyar da ke fita daga zuciyarsu a matse. Lalurar Noonan kuwa takan ƙuntata ƙofar da jini ke bi zuwa huhu. Wahalar bugun zuciya da numfashi ce ke cinye ɗan nonon da jaririn ya sha, shi ya sa jikinsa ba ya cika. Ina laifin uwa a nan?

Magani ma ya ci gaba. A 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu. Ɗan wasan ƙwallon ƙafa Nwankwo Kanu, da aka gano masa matsalar zuciya a 1996, an yi masa aiki a Amurka ya koma fili, daga baya ya kafa gidauniyar taimakon yara masu wannan ciwo. Wasu ƙananan ramukan da kansu suke toshewa, wasu sai da magani, wasu sai tiyata, amma kowanne sai an gano shi da wuri.

Don haka ke mai jego, da ke ungozoma, ku lura da shan nono, da saurin numfashi, da leɓen da ya yi shuɗi. Da kun gani, ku nufi asibitin Ikara, Makarfi ko Hunƙuyi, ku nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a yi hoton zuciya. Kai maigida, kada ka jira a sayar da rake. Hukuma da masu hali kuma su tallafa, domin kuɗin tiyata ya fi ƙarfin talaka.