Sharhi: Gidajen gyaran hali da makomar masu fallasa ɓarna

Tun watan Agustan 2019, lokacin da shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari ta zama Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya, aka sa rai cewa za a ga canji a yadda ake kula da waɗanda ake tsare da su. Shekaru bayan haka, rahotannin cin hanci da fifita masu hannu da shuni na ci gaba da fitowa, har daga gidajen da ake ɗauka sun fi kowanne tsauraran matakan tsaro.

Misali mafi kusa shi ne badaƙalar Idris Okuneye, wanda aka fi sani da Bobrisky. Kotu ta yanke masa hukuncin wata shida a watan Afrilun 2024 bisa laifin wulaƙanta takardun Naira. A watan Satumba, bayan fitowar wani sautin murya da ke zargin cewa ba a kurkuku ya yi zamansa ba, Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ba da umarnin bincike, aka kuma dakatar da jami'an da ke jagorantar gidajen Kirikiri biyu da ke Legas. Kwamitin binciken ya gano cewa a gidan yari ya yi wa'adinsa, amma an ba shi ɗaki na musamman da kayan jin daɗi da sauran fursunoni ba sa samu.

Abin lura shi ne, daga waje maganar ta fito. Jami'an da ke aiki a wurin kullum, waɗanda suka fi kowa sanin abin da ke gudana, babu wanda ya fito ya yi bayani kafin lamarin ya bazu a kafafen sada zumunta.

Dalilin wannan shiru ba boyayye ba ne. A shekarar 2019, ɗan jarida Fisayo Soyombo ya sa aka kama shi da gangan, ya kwana a ofishin 'yan sanda na Pedro da kuma gidan yarin Ikoyi, sannan ya wallafa yadda ake sayen wurin kwana mai kyau da kuɗi da yadda miyagun ƙwayoyi ke shiga hannun fursunoni. Da rahoton ya fito, labari ya bazu cewa ana shirin kama shi, har ya ɓuya na wani lokaci, kodayake hukumar ta musanta. Idan ɗan jarida mai ƙungiyoyin da za su tsaya masa ya shiga irin wannan hali, ƙaramin ganduroba da albashinsa, ƙarin girmansa da wurin da za a tura shi aiki duk ke hannun manyansa, ina zai samu ƙarfin halin buɗe baki?

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manufar fallasa ɓarna a watan Disambar 2016 ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, inda mai ba da bayani kan kuɗaɗen gwamnati da aka wawure zai iya samun kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Sai dai manufar ta fi karkata ga dawo da kuɗi, kuma ba doka ba ce da za ta kare ma'aikaci daga kora ko sauyin wurin aiki na ramuwar gayya. Ƙudirorin ba da irin wannan kariya sun sha zuwa gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa.

Halin da gidajen ke ciki na ƙara buɗe ƙofar cin hanci. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ake tsare da su suna jiran shari'a ne, kuma cunkoso na mayar da wurin kwana, magani da ganin lauya abin ciniki. A watan Disambar 2023, shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa 'yan majalisa cewa ana kashe Naira 750 wajen ciyar da fursuna a rana, yayin da karen tsaro ke cin Naira 800. Inda abinci ya yi ƙaranci haka, wanda ke da kuɗi shi ke cin moriya.

Lamarin ya shafi tsaron ƙasa kai tsaye. A daren 5 ga Yulin 2022, mayaƙan ISWAP suka far wa gidan yarin Kuje da ke Abuja, ɗaruruwan fursunoni suka tsere, ciki har da mutum 64 da ake zargi da alaƙa da Boko Haram. Gidan da wayar salula da kayan haram ke shiga cikinsa da kuɗi, yana da wuya ya riƙe mutanen da suka fi haɗari.

Najeriya na da Dokar Hana Azabtarwa ta 2017, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa na da ikon ziyartar wuraren tsare mutane. Abin da ya rage shi ne doka mai ƙarfi da za ta ba ganduroba da fursuna hanyar kai ƙorafi a wajen shugabannin gidan da suke ciki, ta kuma hukunta duk wanda ya huce a kansu. Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali, wajibi ne irin wannan kariya ta shafi jihohin tun kafin su buɗe gidan farko.